An Kammala Lafiya

Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku na kwana goma. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta tambaya ko an yi auren ne ban gayyace ku ba. Ba a yi ba, 'yar uwa. Gajiya ce kawai, irin wadda mutum zai kwanta da ita, ya tashi da ita, ya rataya ta a kafaɗa ya tafi aiki.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a wata cibiyar koyar da kwamfuta. Akwai wani mutum da ke nemana, wata takwas ke nan. Yayata ce ta raɗa masa suna Malam Ba Komai, don duk abin da ya faru amsarsa ke nan. Mota ta mutu masa a tsakiyar titi? Ba komai. Na shanya shi awa biyu a ƙofar gida? Ba komai. Umma kuwa tana ji da shi kamar ita ta goya shi, har kujerar da ba ta bari mu zauna a kai take nuna masa.

Ranar Lahadi Baba ya kira ni falo. Ya rage muryar rediyo, abin da ba ya yi sai magana mai nauyi ta taso.

"Auta, kawun yaron nan ya sake kirana. Karo na uku ke nan. Ba zan matsa miki ba, amma ba zan ci gaba da ce wa dattijo za mu duba ba. Ranar Juma'a da safe zan kira shi. Ki gaya mini abin da zan ce masa, ko su turo manyansu ko su haƙura."

Na ce to. A ranar, wallahi, amsar tana bakina, kunya ce kawai ta hana ni faɗa. Ina sonsa. Na rubuta muku wannan a fili don kada ku ce ban faɗa ba idan kun ji sauran.

Sai kun ɗan san aikina kafin ku gane abin da ya biyo baya. Kwamfuta arba'in da biyu muke da su a cibiyar, duka babbar manhaja ɗaya ce ke tafiyar da su. Masu yin manhajar nan kusan kullum sai sun saki gyara: yau sun toshe wata kafa da ɓarayin intanet suka gano, gobe sun ɗinke wani abu da ke sa na'ura ta daskare. A ƙunshi-ƙunshi suke sakin gyaran, dubbai. In aka ce kowace kwamfuta ta je ta ɗebo nata, intanet ɗinmu da ko hoto sai ya yi nishi kafin ya buɗe zai kwanta gaba ɗaya. Shi ya sa muke da na'ura ɗaya a tsohon sito, tsakanin karyayyun kujeru da bokitin goge ƙasa. Ita kaɗai ke fita da sassafe ta kwaso sababbin ƙunshin, ta ajiye a rumbunta, sauran su ɗauka daga wurinta. A aikinmu madubi ake ce mata, don dole abin da ke cikinta ya yi daidai da na can. Da na yi wa Umma wannan bayanin, cewa ta yi, "Au, cefane dai. Mutum ɗaya ya je kasuwa ya sayo wa gida." Har yau ban ji wanda ya fi ta fahimtar aikin ba.

Matsalar ita ce cefanen ba ya ƙarewa lami lafiya. Yau wuta ta ɗauke a tsakiya. Gobe jerin sunayen ya sauko amma kayan ba su biyo shi ba, sai kwamfutocin su yi ta neman abin da babu. Jibi rumbu ya cika da tsofaffin ƙunshin da ba a share ba. Duk abin da ya faru na'urar tana rubuta shi a rahoto, layi ɗari uku, wani lokaci dubu, kuma ni ce mai karantawa. Shekara biyu ina karanta rahoton nan kowace safiya. A tsaye nake shan shayi ina karantawa. A motar haya ina karantawa. Ranar da Yaya ta haihu, a barandar asibiti na karanta shi, har ta ce in dai ba zan ajiye wayar ba in fita mata daga ɗaki. Umma kan ce ko jariri ba a leƙa shi haka.

Shi Malam Ba Komai ɗan kwangila ne, shi ya ja mana kebul a ginin, a nan muka haɗu. Sati shida da suka wuce ya leƙo siton ya same ni ina kuka. Ba wani babban abu ba ne. Saukewar ce ta kai kashi casa'in da bakwai, wuta ta tafi, karo na uku a sati ɗaya. Na zauna a kan kujerar da ba ta da hannu, na rufe fuska da gyale, ina kuka kamar an yi mini mutuwa.

Bai ce mini "ba komai" ba a ranar, shi ya sa ma na ƙara sonsa. Ya ja kwali ya zauna, ya ce, "Ba ni maɓallan nan, ranki ya daɗe. Zan rubuta miki ɗan jerin umarni. Na'urar za ta yi aikinta, in ta katse ta sake gwadawa, ƙarfe bakwai ta turo miki saƙo a waya. Layi ɗaya. Kin huta da karatun jarida."

Ya rubuta a gabana, ya gwada, wayata ta yi ƙara a cikin jaka: An kammala lafiya.

Ga laifina, tunda na saba gaya muku gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Ni da nake karanta layi dubu kullum, ban karanta layi talatin ɗin da ya rubuta ba. Shi ya rubuta, shi ke nan. Tun daga ranar, kowace safiya ƙarfe bakwai daidai, saƙon yana shigowa. Na fara karyawa a zaune. Na koma sa kwalli. Na samu lokacin goge atamfa maimakon in zari doguwar rigar da ta fi kusa da hannu. Har kumatu na yi, Yaya tana ta tsokanata wai tun ba a je ko'ina ba an fara kiwo na. Kowace Juma'a kuma ina rubuta wa shugabar cibiyar takarda cewa an sabunta duk kwamfutoci, in sa hannu a ƙasa da kyakkyawan rubutuna.

Ranar Laraba, saura kwana biyu Baba ya yi kiransa, malamin aji na biyu ya tsaya a bakin ofis yana sosa ƙeya.

"Malama, manhajar shiga intanet ɗin nan sai ce mana take ta tsufa. Wasu shafukan ma sun ƙi buɗewa."

"Ku sabunta mana."

"Mun yi. Cewa take babu wani sabo."

Na ɗauki makullin sito ina jin haushinsa, don na tabbata shi ne bai iya ba. Ɗakin yana nan yadda na san shi, zafi da warin ƙura da ƙarar fanka. Na kunna allo na duba kwanan watan fayilolin. Na sake dubawa. Na cire tabarau na goge da bakin gyale na sake sakawa. Duk sun tsaya a ranar tara ga watan jiya. Rumbun ya cika maƙil, ko tsinke ba zai shiga ba. Sati biyar ke nan madubin bai karɓi ko ƙunshi ɗaya ba, kwamfuta arba'in da biyu suna zuwa wurinsa kullum yana ce musu babu sabon abu, ɗalibai kuma suna shiga akwatin saƙonsu a kan na'urorin da ba a toshe musu kafa ko ɗaya ba.

Sai a lokacin na buɗe abin da Malam Ba Komai ya rubuta. Saman lafiya lau, aiki ne mai tsabta, ya iya. A can ƙasa ne na ga layi biyu. Na farko yana cewa duk wani ƙorafi da na'urar ta yi a zubar da shi, kada a ajiye. Na biyu yana cewa ko me ya faru, a tura wannan saƙon. A samansu ya bar 'yar alama, irin wadda masu wannan aikin ke rubuta wa kansu don tuni, na'ura ba ta karanta ta. Kalma uku ce: don ta huta.

Ban yi kuka ba, ko ƙarfin kukan ba ni da shi. Na iya karatu, na san abin da layukan nan ke nufi, amma zuciyata ta kafe sai ta gani da ido. Da aka tashi aiki na zagaya bayan na'urar, na zare kebul ɗin da ke haɗa ta da waje, shuɗi ne mai tsawon hannu, na naɗe shi na jefa a jaka tare da turare da cajar waya. Saƙon ta wani ɗan layin waya daban yake fita, don haka zai iya zuwa. Amma ba kebul, babu yadda za a yi na'urar ta sauke ko ƙwayar fayil.

Alhamis da safe na shirya da wuri. Na sa atamfata ruwan toka, wadda Umma ke cewa tana sa ni kama da mai zuwa gaisuwar rashin lafiya. Na zauna a bakin gado, waya a hannun dama, kebul a kan cinya. Ina jin Umma a kicin tana faɗa da murfin tukunya. A raina ina roƙon Allah ya sa ni ce ban fahimta ba, ya sa wayar ta yi shiru ko ta kawo ƙorafi.

Bakwai daidai ta yi ƙara. An kammala lafiya.

Umma ta leƙo da kofin shayi. "Saƙon naki ya zo? Allah ya yi wa yaron nan albarka. Dubi yadda kika zama mutum."

Na ce amin, na tura kebul ɗin ƙarƙashin gyale.

Ofishin shugabar cibiyar na fara shiga, kafin in ajiye jaka. Mace ce da ba ta ɗaga murya, shi ya sa kowa ke tsoronta. Na gaya mata komai, ban da sunan wanda ya rubuta umarnin. Ta buɗe fayil ta jero takarduna biyar a kan tebur.

"Sa hannun wa ne wannan?"

"Nawa ne."

"Kin duba kafin ki sa?"

"Ban duba ba."

Ta mayar da takardun ta rufe. "Shekara biyu ban taɓa bin bayan aikinki ba. Ki gyara, ki rubuto mini abin da ya faru. Daga yau kuma ki riƙa haɗo mini da rahoton na'urar."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na wuce sito na share tsofaffin ƙunshin, na mayar da kebul, na sa madubin ya fara kwaso aikin sati biyar a kan intanet ɗin da kuka riga kuka ji halinsa. Sannan na tura wa Malam Ba Komai saƙo.

"Ka zo cibiya in ka samu sarari."

"Lafiya dai, ranki ya daɗe?"

"Ka zo dai."

Da azahar ya iso, da farar riga mai guntun hannu da lemo mai sanyi guda biyu a leda. Yana murmushi har ya ga abin da ke kan allon. Na bar masa layin nan biyu a buɗe, na ƙara musu girma yadda ko daga bakin ƙofa za a karanta.

Ya ajiye ledar a kan kwali a hankali.

"Tun yaushe ya tsaya?"

"Sati biyar."

Ya shafa kansa. "Niyyata ni in riƙa dubawa ta wayata. Na duba satin farko. Sai aikin ginin nan na bayan kasuwa ya taso, na sha'afa. Wallahi na sha'afa."

"Ba mantuwar nake tambaya ba. Kowa yana mantuwa, ni ma ga tawa a tebur ɗin shugaba. Me ya sa ka sa ta yi mini ƙarya?"

"Ba ki ga kanki a ranar ba. Kina kuka a kan na'ura. Na san in saƙon ya zo da ƙorafi ko sau ɗaya, za ki koma gidan jiya."

"To me ya hana ka gaya mini kai za ka riƙa dubawa?"

"Da ba ki yarda ba."

Gaskiyarsa, da ban yarda ba. Wannan ne ya fi ci mini rai. Ya san ni sarai, ya san abin da zan ce, sai ya zagaye ni. Ba mugu ba ne, jama'a, ku daina shirya zagin da na san kuna shiryawa. Da mugu ne da tuni na huta.

Fanka tana ta juyawa, lambobi suna hawa a allo a hankali, kashi goma sha ɗaya, kashi goma sha biyu. Ina kallonsu wata tambaya ta zo mini, wadda ban shirya ta ba.

"Wata uku da suka wuce na tambaye ka ko Mamanka ta san zan ci gaba da aiki bayan aure. Me ka ce mini?"

Ya hau gyara ledar lemon da ke kan kwali.

"Ka ce ba komai."

"Ba komai ɗin ne. Zan shawo kanta."

"Me ka gaya mata?"

Ya dubi bokitin goge ƙasa kamar a nan aka rubuta amsar. "Ta tambaye ni, lokacin hawan jininta ya tashi. Na ce mata za ki ajiye."

"Ni kuma ka ce mini zan ci gaba."

"Na ga in an yi auren kowa zai sauko. Ban so in tayar wa kowa da hankali."

Na ɗauki lemon ɗaya na miƙa masa, na ce ya tafi da kayansa, ina da aiki. Ban ɗaga murya ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe baki, na ga kalmar nan tasa tana shirin fitowa, shi ma ya ji ta, sai ya haɗiye ta ya fita.

Kafin in tashi na goge layinsa biyu na rubuta nawa. Goma sha ɗaya ne, ba su kai nasa kyau ba. 'Yar alamarsa kuwa na kai yatsa zan share sau biyu ina fasawa. Tana nan har yanzu, ban san dalili ba.

A gida Yaya ce kaɗai na gaya wa, ta waya, ina cire ɗankunne. Ta ce, "Auta, maza nawa ne za su yi ƙarya don ki yi barci? Nawa mijin ko ina mutuwa sai ya tashe ni in nemo masa safa." Na yi dariya, don ta ba ni dariya. Amma na ce mata ni ba barcin nake tsoro ba. Tsorona in wayi gari bayan shekara biyar in duba kwanan wata, in tarar komai ya tsaya tun tuni, ni kuma ina ta sa hannu.

Juma'a da safe, bakwai daidai, wayata ta yi ƙara. An kasa. Ƙunshi 312 ba su sauko ba, wuta ta ɗauke 5:40. Za a sake gwadawa. Na karanta shi sau biyu. Kun san me na ji? Sanyi. Aiki ne ke jirana, shayin ma a tsaye zan sha, amma aƙalla na san inda nake.

Baba yana falo da jallabiyarsa ruwan ƙasa, tabarau a kan hanci, ya riga ya rage rediyo. Umma ta tsaya a ƙofar kicin tana goge farantin da ya daɗe da bushewa.

"To, Auta. Me zan ce wa mutanen nan?"

Na durƙusa a gefen kujera. "Baba, a ba su haƙuri."

Farantin ya tsaya a hannun Umma. "Ke, kina cikin hankalinki? Me ya yi miki?"

"Bar ta," in ji Baba. Bai tambayi dalili ba. Ya ɗauki wayarsa ya fara neman lambar da yatsa ɗaya, yadda ya saba, yana karanta kowane suna a fili.

A lokacin tawa wayar ta motsa a cikin tafin hannuna. Shi ne.

"Jiya na gaya wa Mama gaskiya, cewa ba za ki bar aiki ba kuma ni na yi mata ƙarya. Ta yi fushi sosai. Yau ba ta amsa gaisuwata ba. Ban san ko za ta sauko ba, ba zan ce miki za ta sauko ba. Akwai matsala. Ina ƙofar gidanku."

Wata takwas, wannan ne karo na farko da ya kawo mini labari marar daɗi. Na karanta har ƙasa ina neman kalmar nan tasa. Babu ita.

Baba ya riga ya danna. Ina jin ƙarar shigar kiran daga inda nake, sau ɗaya, sau biyu, sai muryar dattijo ta yi sallama. Ban san me Baba ya gani a fuskata ba. Ya amsa sallamar, ya ce a ɗan ba shi minti ɗaya, ya rufe bakin wayar da tafin hannu, ya dube ni ta saman tabarau.

"Auta, mutum yana kan layi."

"Ka gaya masa gaskiya, Baba. Akwai matsala, kuma ba a kammala ba. Kada ka ce masa lafiya."

Umma ta ce wannan wace irin amsa ce za a ba dattijo. Baba dai ya cire hannunsa daga bakin wayar ya gyara murya. Ni kuma na ɗauki gyalena daga hannun kujera, na zura takalmin Umma don nawa yana ɗaki, na nufi ƙofa ban san abin da zan ce masa ba.